Turken Tsakar Rana

Sau uku Ladan Barau na kawo min agogonsa,
nan rumfata, gefen layin dogo a Agege,
ya dire shi kan gilashi kamar mai shigar da ƙara.
"Ilu, abin nan ya koyi ƙarya.
Kowa ya san yini raguwa yake sai Kirsimeti ta matso.
To me ya sa magariba ke jan ƙafa tun tsakiyar Nuwamba?
Jiya shida da rabi ta buga, rana na nan jajur
bisa kwanon masu facin taya.
Da safe ma ba ta yi sammakon biyan bashi ba,
ƙara makara take,
kamar ɗan haya da ya saba da mai gida."

Na ɓalle bayansa, na hura,
na maƙala tabarau a ido ɗaya.
Batir lafiya. Haƙoran ciki lafiya.
Na farko na karɓi ɗari biyu,
sauran biyun kunya ta riƙe min hannu.

Balaraba ce ta zo da amsar,
'yata, daren da ta dawo hutu daga Akoka.
An ɗauke wuta, fitilar caji na tsakar ɗaki.
Ta soke lemo da tsinken tsire, ta karkata shi,
tana murzawa tana zaga fitilar,
uwarta na cewa a kula da kwanon miya.

"Baba, a karkace duniya ke juyi,
hanyarta kuma ta ɗan yi ƙwai.
Ƙarshen shekara ta fi kusa da rana, sai ta ɗaga ƙafa.
Kafin ta cika juyi guda, ta riga ta yi gaba,
dole ta ƙara waige ta sake haɗa ido da rana,
kamar kwandastan danfo mai magana da na bakin titi,
mota na tafiya, wuya na ƙara murɗewa.
Saurin da karkatar, in suka haɗu a Disamba,
kusan rabin minti suke ɗora wa kowane yini.
Agogo bai san da zancen ba.
Ashirin da huɗu aka auna masa,
ashirin da huɗu yake sayarwa, ba ya sa gyara."

Na ce to. Ban gane ba.
Sai da na kwanta, jirgin Ibadan ya daɗe da wucewa,
na tuna awakin innata a Gumel.

Ashe tsakar rana turke ce.
Fitowar rana akuya, faɗuwarta akuya,
ɗaya gabas, ɗaya yamma, turkensu ɗaya.
Lokacin sanyi na rage musu igiya, gaskiya ne,
amma a Ikko, dab da ƙugun duniya,
ɗan yatsa kawai ake ragewa.
Shi kuwa turken, kowane dare
sai a tuge shi a kafa shi gaba kaɗan.
Ta yamma tun Nuwamba ta sami ƙarin fili.
Ta safe na nan tana bin turke,
ba za ta tsaya ba sai Janairu ta zo ƙarshe.

Da hantsi na kai wa Ladan labari.
Bai ce ƙala ba. Ya kafa sanda a harabar masallaci,
kwana goma yana tsaron inuwa da alli,
yana duban sanda, yana duban tsintsiyar hannu.
Ran sha ɗaya ya tsaya bakin rumfa.
"Zawali ma tafiya yake," in ji shi.
"Ashe rana ce ba ta ɗaura agogo.
Ba ni ɗari biyuna."

Na ba shi.
Na ɗora masa goro ɗaya, gyara.